Kwalbar da ba a buɗewa sai yara sun kai goma

Ko zan manta da komai na shekarar korona, ba zan manta da zaryar da na sha a kan allurar ƙyandar 'yata ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

A unguwar Lokuwa muke zaune, ni tela ce, a lokacin kuwa ɗinkin takunkumi kaɗai ke tafiya. Yarinyar ta cika wata tara daidai sa'adda aka hana taro. Ban taɓa tsallake mata allura ko ɗaya ba, don haka ranar rigakafi na goya ta muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Wurin da a da sai kin yi sammako kafin ki samu benci, ranar mu uku ne kacal. Mata sun gudu. Wasu sun ji wai duk yaron da aka samu jikinsa da zafi za a ce korona ce a ɗauke shi, wasu kuma wai allurar gwaji ake yi wa yara.

Muka wanke hannu a bokitin bakin ƙofa, muka zauna nesa da juna har azahar. Can nas ɗin ta leƙo ta ce, "Maman bebi, yau babu. Ku dawo sati mai zuwa." Na ce to, har da godiya, na tashi. Haka aka rene mu, ba a musu da mai farin kaya. Sati na biyu mu biyu ne, amsar ba ta canza ba. Sai a zuwa na uku na iya buɗe baki.

"Sista, wai maganin ne ya ƙare?"

"Magani yana nan a firiji," in ji ta. "Kwalba ɗaya na yara goma ne. In na buɗe don mutum biyu, sauran zai lalace kafin yamma, oga zai tambaye ni. Ki kawo yara goma, zan buɗe."

A bangon da ke bayanta ga takarda an manna, an rubuta da manyan baƙaƙe a guji taruwa. Na kalli takardar, na kalle ta, na rasa wanne zan bi.

A satin nan ƙyanda ta shiga gidan da ke bayan namu, ta kwantar da yara biyu. Hankalina ya tashi. Na rufe keken ɗinki na shiga bin gidaje ina neman masu goyo. Maigidana har tsiya yake min, wai na zama ma'aikaciyar lafiya ba albashi. Wata maƙwabciyata mai sayar da gyaɗa, 'yar Vimtim, ta ce, "Kai, ni ba zan kai yaro na su gwada abu a jikin shi ba." Na rantse mata, na nuna mata katin 'yata, na ce tawa za a fara yi wa a gabanta. Wasu sai da na ɗinka musu takunkumi kyauta, wata kuma sai da na aika maigidana ya roƙi mijinta. Sati biyu cur na yi kafin na haɗa mata tara, da ni goma.

Da safen da za mu tafi na ji jikin yarinyar da zafi, idonta ya yi ja, hanci na zuba. Na ce wa kaina haƙori ne. Muka jera a ƙafa, ni ce a gaba, ina jin kaina kamar na ci zaɓe. Nas ta ƙirga mu, ta zo kan tawa, ta taɓa goshinta, ta duba bakinta da bayan kunnenta. Sai ta ja da baya.

"Wannan ya riga ya kamu. Ki fitar da shi cikin yara, ki tafi babban asibiti yanzu."

Ina ɗaure zanin goyo a waje na hango ta ta taga ta buɗe firiji ta ɗauko kwalbar. Na ce, "Sista, tara ne fa suka rage." Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ba komai, tara ya isa." Wallahi da ba don yarinyar tana bayana ba, ban san abin da zan yi a wurin nan ba.

Mun daɗe a babban asibiti. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunnenta na hagu ya yi ta zubar da mugunya, kuma har yau ba ta ji da shi. Wata dattijuwar nas a can, da na ba ta labari, ta riƙe baki ta ce, "Ko yaro ɗaya ne ya zo ai buɗewa ake yi. Me ya hana ki zuwa nan tun farko?" Keke Napep ɗaya ne tsakanin gidana da wurin.

Na ji haushin nas ɗin unguwarmu, na ji haushin korona da ta kore mata daga asibiti, amma haushin kaina ya fi. Abin da na koya shi ne, in dai lafiyar ɗanka ce, kunya ba ta da wuri. Duk wanda ya ce min in dawo sati mai zuwa, yanzu sai ya faɗa min dalili a take, in bai gamsar da ni ba in nufi wani wuri a ranar. Yarinyar tana firamare yanzu. Duk farkon zango nakan je in roƙi malaminta ya zaunar da ita a gaba, ta inda kunnen dama zai fuskance shi.