Likkafanin da Na Kai Ƙauyen Turkawa

Mun tashi da asuba daga Nuzla, unguwarmu a Jidda, ni da abokina da ya tsinci Turkanci a wani gidan gasa nama a unguwar Sharafiyya. Likkafani ne a jakata. Wani tsohon Baturke ɗan Bulgariya ya sauka a masaukin da nake aiki a unguwar Balad bayan ya yi Umara. Ya saya wa matarsa likkafanin, ya tsoma a zamzam ya shanya, sai ciwo ya kada shi. Kafin ya cika ya danƙa mini, ya ce in kai mata. Biza ta wahalar da ni wata uku, kowa yana cewa in aika ta gidan waya, halas, a huta. Na ce a hannuna ya sa, da hannuna zan miƙa.

Da jirgi ya sauke mu a Istanbul, muka hau bas muka tsallaka iyaka zuwa Bulgariya. Hanya ta yi ta murɗewa cikin duwatsu har muka isa ƙauyensu. Shayinsu da araha, amma kofin kurɓa biyu ne. Kindirmo kam, ban taɓa shan irinsa ba.

Yankin kusan duk Turkawa ne, Musulmi, sai Kiristoci 'yan ƙalilan. Sai dai ina mutanen? Gida uku a kulle, na huɗu tsohuwa ce da kaji. Matasa duk sun tafi ci-rani Turkiyya da Jamus.

Ni da wayona na ce mu tari jama'a a masallaci da azahar. Ashe liman sai Juma'a yake zuwa! Muna tsaye cirko-cirko, wata tsohuwa mai sarƙar gicciye ta leƙo. Da ta ji sunan mamacin ta ce, "Ku biyo ni." A ƙofar gidansa na ga hotonsa a manne, yadda suke sanar da rasuwa.

Matarsa ta karɓi likkafanin ta daɗe tana shinshinawa. Sai ta miƙa wa Kiristar nan ta ce, "Ajiye mini, maƙwabciya. Ranar da za a nema, ke kaɗai kika rage a layin nan." Wallahi na yi kuka.

Na dawo Jidda jaka ba nauyi. Na tafi ina taƙamar na iya riƙon amana, na tarar da wadda za ta ƙarasa abin da na fara. Yanzu kullum ina roƙon Allah ya ja kwanan Kiristar nan.