Zaren Wuyan Molon Eshmat

"To, kiɗanka ya shigo zamani, Kwamared Eshmat," in ji ma'aikaciyar ƙungiyar makaɗan birnin Tashkent tana buga hatimi a takardar izinin kiɗansa. "Jaridar da ta kira shi kukan tsohuwar fada sai ta nemi wani."

"Allah ya..." Ya haɗiye sauran, don ba a ambaton Allah a ofishin gwamnatin gurguzu. "Jam'iyya ta yi miki albarka, 'yata."

Ina kan benci ina jiran tawa takardar. Eshmat tsoho ne siriri, farcen manuninsa kamar ƙaho. Da an hana shi izinin nan, shi da kiɗa cikin jama'a har abada. Yana zama kusa da ni ya sauke ajiyar zuciya, molonsa a cinya. Zaruruwan da ke ɗaure a wuyan molon, masu raba sauti, an jera su daidai da piyano yadda kwamitin ƙungiyar ke so. Da babban yatsa yake mayar da biyu baya kaɗan zuwa wurinsu na kiɗan dā, ko kallo ba ya yi. Ina jin hannun ya shekara hamsin da sanin wurin.

"Baba, in suka gane fa?"

"Da wane kunnen, ɗana?"

Ya saɓa molon ya fita. Ana jiransa gidan biki kafin a sauke shinkafa.