Ɗan da Hansai ta dangwara min a cinya

Jiya a makokin ƙawata Hansai, ɗanta Sale ya durƙusa gabana yana kuka, da furfurarsa da komai.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama jaririyata ta rasu. Na daina ci, na daina magana. Hansai ta taso daga Sara har Sundimina, ta dangwara min Sale a cinya.

"Ba shi nono, ya tsotse ni."

Sai ga bakina ya buɗe: "In ya sha, duk 'yar da na haifa ta haramta gare shi. Alkawarin haɗa 'ya'yanmu aure fa?"

"Wa ke son suruka mai bakinki? Ba shi."

Yana sha na ji yunwa.

Yanzu wa zai zage ni in tashi? Jikokina, ku wa ya taɓa tashinku haka?