Waya a Jikin Ɗorawa

Mu uku ne a cikin wannan al'amari, kuma dukanmu dangi ne. Na farko shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, manomi a wata unguwar Maguzawa tsakanin Ƙafur da Malumfashi. Shi ya tsaya a kan addinin kakanninsa, ita kuwa mahaifiyata ta musulunta tun tana budurwa, ta yi aure a Funtuwa, amma zumuncinsu bai yanke ba. Na biyu shi ne mijin yayata, direba ne, mutum mai fara'a da saurin baki. Na uku kuwa ni ne. A lokacin ban daɗe da gama karatun aikin gona a Zariya ba, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, aka ba ni aikin zagaya ƙauyuka ina koya wa manoma sa takin zamani da shuka auduga a jere.

Ofishinmu yana da wata ƙaramar jif mai rufin tamfol, mijin yayata ne ke tuƙa ta. Da rani babu inda ba ta shiga. Da damina kuwa akwai wata fadama a ƙasan gonar kawu wadda hanyar Ƙafur ta ratsa, ba a wuce ta sai an yi addu'a. A daminar farko sau da yawa mun kafe a wurin, na tuɓe takalma na naɗe wando, mutanen unguwar suna tura mu suna dariya. Da shekara ta zagayo, sai shugaban ofishinmu ya buɗe wani akwatin katako da wani Bature ya tafi ya bari a sito, ya ce injin ja ne, a kai wa makanike ya ɗaura a goshin motar kafin ruwa ya sauka.

Injin ba wani abu ba ne illa ganga ta ƙarfe, da igiyar waya a naɗe a jikinta, da ƙugiya a bakin wayar. Idan mota ta kafe, sai a warware wayar a ɗaura ta a jikin wani abu mai ƙarfi, injin motar ya juya gangar, motar ta jawo kanta ta fita. Wani tsohon makanike a bayan tashar Funtuwa ne ya yi aikin, ni kuma na tsaya a kansa da takardar bayanin da ta zo a cikin akwatin, ina fassara masa. Ya kwance bamba, ya huda ƙarfen gindin motar, ya shimfiɗa farantin ƙarfe, ya zaunar da gangar a kai, sa'an nan ya haɗa ta da injin da wani sandan ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashin lagireto.

A nan ne na fara ganin abin da bai kwanta mini ba. Mijin yayata ya ce faranti ɗaya bai isa ba, a ninka shi, a kuma bi kusoshin da walda. Bai tsaya nan ba, ya ɓace na ɗan lokaci ya dawo da wata waya a kafaɗa, wadda ta fi ta asalin kauri sosai, ya ce a cire waccan a naɗa wannan.

Na ce, "Yaya, takarda ta ce wayar da ta zo da shi ta isa jan wannan mota har da kayanta."

Ya ce, "Malam mai digiri, takardar nan ta taɓa kwana a laka?"

Na ce, "Me za mu ja da ya fi motar nauyi?"

Ya kalli makaniken, makaniken ya duƙar da kai yana neman sifana. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai mana. Tun da ka fara cin albashi tayar gefenka ke kuka."

Aka yi dariya, na bar maganar. Ƙanin mata ba ya fushi da wasan mijin yayarsa, haka al'ada take. Amma ban manta da kallon da ya yi wa makaniken ba.

Da ruwa ya sauka muka je wurin kawu. Na riga na roƙe shi ya ba ni wani yanki na gonarsa in yi gwajin taki, domin in ya yarda, sauran unguwar za su yarda. Matarsa ta kawo mini kunu a wata ƙwarya da suka keɓe domina, wadda giya ba ta taɓa shiga ba. Shi kuwa bai zauna ba. Ya zagaya motar, ya tsaya a gabanta, ya daki ƙugiyar da bakin fartanya.

Ya ce, "Ɗan ƙanwata, wannan haƙorin fa na mene ne?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To, a fadamar nan, a jikin me za ku ɗaura?"

Ni da shi duk mun san amsar. Babu dutse a wurin, babu kututture. Abin da ke bakin mashigin kawai shi ne itatuwan ɗorawa biyar, manya, a jere, kuma duk nasa ne. Ubansa ya bar masa su. Matan gidan suna dafa kalwarsu su yi daddawa su kai kasuwar Malumfashi, yara suna shan garinsu a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da ɓawon 'ya'yan kuma ake yin makubar da ake shafe katangar gidan. Daddawar da muke ci a Funtuwa ma daga nan take zuwa.

Kawu ya ce, "Shekaru kaɗan da suka wuce mutanen ofishinku sun zo nan. Suka ce inuwa tana hana auduga girma, saiwa tana karya garmar shanu, in sare itatuwan nan a ba ni shanu bashi. Na ce su gai da gida. Yanzu ga su sun dawo da ɗan ƙanwata a gaba, da ƙarfen tuge itace a goshin mota."

Na ce, "Kawu, wallahi ba don haka aka ɗaura shi ba. Na yi maka alkawari wayar nan ba za ta taɓa itacenka ba."

Ya ce, "Wallahinku na birni da yawa yake, kullum a bakinku. Naka bakin nake so, ba na littafi ba."

Na ce na ba shi. Mijin yayata yana jingine da mota yana ji, ya ce, "Baba, ni ma shaida ne. In na taɓa su ka hana ni gyaɗa." Kawu bai yi dariya ba, amma ya ba ni gonar gwajin. Da muka koma na sa maƙeri ya ƙera mana dogayen turakun ƙarfe, waɗanda za a kafa a ƙasa a ɗaura wayar a jikinsu. Sau biyu muka kafe a fadamar ina nan, sau biyu muka fita da turakun. Aiki ne mai wuya, sai an yi gumi da guduma, mijin yayata yana yi yana tsaki yana duban itatuwan.

Cikin marka aka tura ni wani kwas a Zariya, na yi makonni. Ranar da na dawo zagaye, tun daga nesa na hangi farin tabo a gindin itatuwan. Na sa aka tsaya, na sauka. Uku daga cikinsu an saɓule musu ɓawo daidai gwiwar mutum, raunin ya zagaye gindin kamar awarwaro. Na tsuguna na duba da kyau. Ba saran gatari ba ne, domin babu tsaga. Gurzawa ce, kuma a wasu wurare akwai 'yan layuka a karkace irin na murɗaɗɗiyar waya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ja ɗaya ba ya zagaye itace. Waya tana cin bayan itacen ne kawai. Kafin rauni ya haɗe haka, sai an ja ta gabas, an ja ta yamma, an maimaita.

Na juyo na dubi mijin yayata. Ya ce, "Kada ka kalle ni haka. Manyan motoci nawa ke bin hanyar nan? Kowace tana da sarƙa."

Na ce, "Wannan ba sawun sarƙa ba ne."

Ya ce, "To, ni kaɗai ke da waya a lardin Katsina?"

Na warware wayar motarmu a gabansa. Ta lanƙwashe a wurare da dama, bakin ƙugiyar ya buɗe, abin da nauyin jif ba zai taɓa yi ba. A tsakanin silin wayar akwai ɓurɓushin ɓawo. Ya ce na itacen marke ne, a hanyar Ɗanja ya kafe. Turakun kuwa suna bayan mota, tsatsa ta rufe kawunansu, babu alamar guduma ta sauka a kansu tun tafiyata. Ya ce ai ƙasa ta yi taushi, ba sa riƙewa. Kowace tambaya da amsarta a shirye, kuma babu wadda zan iya rantsewa cewa ƙarya ce.

Kawu bai fito da tabarma ba ran nan. A bakin gona ya tsaya, da laka da kashin shanu a hannu, yana liƙe raunukan. Na tambaye shi ko wani ya ga wanda ya yi. Ya ce gidansa yana bayan tudu, kuma lokacin noma ne, kowa kansa a duƙe. Sun dai ji kukan injuna a fadama ba sau ɗaya ba, yara sun ce sun ga motarmu tana jan wata babbar mota mai kayan hatsi, amma ba su lura da inda aka ɗaura ba.

Ya ce, "Kai ka tafi Zariya daidai lokacin. Wa ya zaɓi lokacin?"

Na ce ofis ne.

Ya ce, "Ofis. To."

Wannan kalma ta bi ni har Funtuwa. Da na kai rahoto, shugabanmu ya saurare ni ba tare da mamaki ba, ya ce abin bai yi daɗi ba, sa'an nan ya ƙara da cewa in itatuwan suka faɗi, wannan gona za ta yi kyau da garma. Na tsaya ina dubansa. Shin magana ce kawai ta faɗo masa, ko kuwa ya san abin da ban sani ba? Shi ne ya ba da injin, shi ne kuma ya sa sunana a kwas. A kasuwar Malumfashi kuma wani Alhaji mai motocin hatsi ya riƙe hannun mijin yayata yana ta sa masa albarka, da ya gan ni sai ya saki. Na kai maganar wurin yayata, ta ce, "Kai da karatunka, a kan itace za ka kashe mini aure?" Mahaifiyata kuwa ta daina tambayata labarin ƙauye.

Damina ta wuce, gonar gwajin ta yi kyau, kawu ya girbe bai ce mini uffan a kanta ba. Da rani ya tsaya, sai ga saƙo daga wurinsa wai in zo in gani. Na je. Itatuwan nan uku sun yi fure fiye da biyun da ba a taɓa ba, jajayen tuntaye sun cika su har rassan sun sunkuyo, zuma tana ta kuka a kai. Kawu yana murmushi, karo na farko tun cikin marka. Ya sa aka kawo tabarma. Ya ce ya yi musu abin da ubansa ke yi, ya yanka abin da ya kamata a yanka, ga shi sun amsa.

Na san abin da nake gani, domin an koya mana. Itacen da aka zagaye wa ɓawo, abincin da ganye ke haɗawa ba ya samun hanyar sauka zuwa saiwa, sai ya taru a sama ya zama fure, saiwar kuwa tana mutuwa da yunwa a ƙasa. Na auna a raina ko in yi shiru. Na ga in ya san gaskiya, zai tara kalwar bana da kyau, ya kuma raini 'yan tsiro a madadinsu tun da wuri. Saboda haka na gaya masa, a hankali, ba tare da na rage komai ba.

Murmushin ya tafi. Ya dube ni ya ce, "Wannan a makaranta aka koya muku?"

Na ce e.

"Cewa in an zagaye ɓawon ɗorawa sai ta mutu, ba sai an sa gatari ba?"

Na ce e, amma ba don a yi ba ake koyarwa, don a kiyaye ne.

Ya ce, "Direba bai yi makaranta ba. Shi ja kawai ya sani. A cikinku wanda ya san a zagaye, kai ne."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya tashi, ya naɗe tabarmar da kansa tun ban gama sa takalmi ba. Ya ce in gai da mahaifiyata, in ce mata ita ƙofa a buɗe take gare ta, amma ta zo ita kaɗai.

Har yau ban san wanda ya ɗaura wayar ba, ban kuma san ko ganganci ne ko umarni ba. Mijin yayata ya rasu yana cewa ba shi ba ne. Na nemi a canza mini direba, aka canza, yayata ta yi shekaru ba ta taka gidana ba. Itatuwan sun yi 'ya'ya a wannan shekara, da damina ta biyu ta zo ba su fid da ganye ba.

Abin da aka rasa: ɗorawa uku, gonar gwaji ɗaya, da gidajen 'yan'uwa biyu.