Ranar da Marigayi Ya Kira Lambata a Asibiti

Shekarun baya kaɗan, sati guda da fitata daga takaba, hawan jini ya tasar mini. 'Yata, wadda take rubuta wannan da nake faɗa, ta kai ni wani asibitin gwamnati nan cikin Daura. Aka ba mu kati da lamba, muka zauna a benci. Sai wani akwati da ke maƙale a bango ya ce, "Mai lamba goma sha bakwai, ɗaki na biyu."

Innalillahi! Muryar maigidana ce. Ba kama ba, ita ce, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin ya ce "bakwai". Mutumin da na ga an fita da shi a makara da idona. Na miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, na nufi ƙofa ina salati. 'Yata ta riƙe ni.

Wata mata kusa da mu kuwa cewa ta yi, "Wannan tsoho da shegen son kai yake, tun safe ya ƙi kirana." Aka yi dariya. Wallahi dariyar ta fi muryar ƙona ni.

Na ce ba zan ga likita ba sai na ga wanda ya saci muryar mijina. Aka kai mu wajen ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin asibitin. Ya saurare ni har na gama zagi, sannan ya ce, "Mama, ba sata aka yi ba. Ko marigayi ya taɓa karanta wa waya magana?"

Sai na tuna. Bayan ya aje koyarwa, Malam kan zauna a zaure da hantsi yana faɗa wa waya lambobi da gaisuwa da sunayen kwanaki. Nakan ce, "Malam, tsufan ne ya zo da hira da ƙarfe? Nawa suke biyanka?" Ya ce, "Ko sisi. Rijiya nake haƙawa a bakin hanya." Ni kuwa in ce rijiyar ta ba mu cefane mu gani.

Ma'aikacin ya yi mini bayani. A da gwamnati kan sayi manhaja, wato abin da ke sa kwamfuta aiki, daga kamfani, a kulle, ba ta jin Hausa, ba mai ikon taɓa ta. Yanzu sun fara komawa ga wadda jama'a suka haɗu suka gina kyauta, kowa na iya ɗauka ya gyara. Muryar Malam tana cikin abin da aka bayar.

Na ce, "To, ɗan nan, a cire. Ba za a riƙa zagin mamaci a gaban jama'a ba."

Ya ce, "Ta nan a hannuna take, yau sai in canja, ba sai na roƙi kowa ba. Amma duk wanda ya ɗauka a Mai'adua ko Dutsi ko tsallaken iyaka, ya ɗauka. Marigayi da bakinsa ya yarje."

Na zauna a ƙasa. Gonarsa an raba, rigunansa an bayar, ga abu ɗaya da ya rage nasa, kuma ashe ba nawa ba ne. Ta taga ina jinsa yana ta kiran mutane. Na ga wata tsohuwa irina, wadda da a allo aka rubuta lambar da ta yini a nan, ta tashi da sandarta ta shiga. Na yi kuka mai isata.

Da na share hawaye na ce, "Bar shi. Amma kun mayar mini da shi maras tarbiyya. Malam bai taɓa kiran mutum ba sallama ba."

Ya duba cikin abin da Malam ya karanta, ya samu sallamar tasa. Kafin in gama ganin likita ya haɗa.

Ban ce na warke ba. Har gobe in na je karɓar magani, sai na dafe benci kafin akwatin ya yi magana, kuma ban yafe wa kaina gorin da na yi masa a zaure ba. Amma yanzu in ya ce "Salamu alaikum", bencin nan gaba ɗaya sai ya amsa, har da masu ƙorafin layi. Ba su san wa suke roƙa wa aminci ba. Ni na sani, shi ya sa nake riga kowa amsawa.