Bidiyon Gayyar Baffa

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce da haɗa shi. Ina da ɗan shago a Gummi, kwamfuta ɗaya, kyamara ɗaya, da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. Biki, suna, saukar karatu, duk na ɗauka. Amma aikin da ya fi zauna mini a rai wani ɗan guntun bidiyo ne wanda ba ma ni na ɗauka ba.

Baffana, yayan mahaifina, manomi ne a wani ƙauye kusa da Zugu. A zamanin ƙarfinsa ba a yin gayya a yankin ba a kira shi ba. Mai gona zai gayyato maza su yi masa huɗa, ya tanadi fura da tuwo da makaɗi. Kowa ya kama kunyarsa, ganga na bugawa, galma na sauka tare da ita. Abin gori a wurinsu shi ne a ga galmarka ta sauka bayan ganga ta wuce; sai a ce kiɗa ya bar ka. Baffa kuwa har ya yi furfura yana cewa kiɗa bai taɓa barinsa ba, kuma ba a samu wanda ya ƙaryata shi ba.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen, ya kwaso iyalinsa ya dawo gidanmu. Ba zan tsaya kan wannan ba, duk wanda ke yankin nan ya san yadda ake baro gida. Ya zo da galmarsa ɗaure a bayan babur, ya jingine ta a bakin ɗakinsa.

A daminar da ta gabaci tashinsu an yi wata gayya, ɗansa wanda ke koyarwa a firamare ya ɗauki Baffa bidiyo da waya. Bidiyon ya yi nauyi, ya ƙi turuwa, sai ɗan ya kai shi wani shago a Anka aka rage masa girma. Daga nan ya shiga yawo daga waya zuwa waya, har ya iso majalisar dattawan da ke zama a gindin darbejiyar masallacinmu.

A farkon bidiyon Baffa da ganga kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ana tafiya, sai galmar ta fara ɗan makara. Kafin a kai ƙarshen kunya, ganga ta buga, sannan can galma ta sauka. Kuma ɗan nasa, saboda son uba, ya matso da wayar kansa shi kaɗai, ba a ganin sauran manoman balle a gane ko su ma haka suke.

Dattawan suka samu abin tsokana. Da Baffa ya doso sai wani ya ce, "Sarkin noma, ashe kiɗa na barin manya!" Ya yi dariya tare da su, don ba mai raki ba ne. Amma a gida ya yi sanyi. Ya ɗauke galmar daga bakin ɗaki ya tura ta bayan rumbu. Wani maƙwabcinmu mai fili a fadama ya ce ya zo ya noma wani yanki, kada ya zauna haka, Baffa ya yi godiya ya ƙi. Wai wanda kiɗa ya bari ba ya karɓar gonar mutane ya ɓata musu damina.

Ni duk ban san zurfin abin ba. Inna, mahaifiyata, ita ta tare ni wata safiya ina shirin fita.

"Kai da kake gyara hoton amaren mutane su fito kamar ba su ba, ba ka iya duba na Baffanka? Mutum na ƙarewa a zaune kana kallo."

Na ce, "Inna, ai tsufa ba ya gyaruwa a kwamfuta."

Ta ce, "To duba dai, sarkin surutu."

Na karɓi bidiyon na buɗe a shago. Kallon farko ni ma na ce Allah sarki, Baffa ya gaji. A kallo na biyu ne idona ya kai gefen hoton. Dab da ƙarshe wata mata ta rangaɗa guɗa, amma an ji muryarta tun hannunta bai kai hanci ba. Na ce kai! Na koma baya a hankali. Akwai wurin da makaɗin ya ɗan shigo hoton, sai ga ƙarar ganga ta fito alhali gularsa tana sama, ba ta taɓa fata ba. To in Baffa ya makara don tsufa, shi makaɗin kiɗan wa ya bar shi? Wallahi raina ya ɓaci. Na zauna ina tsaki ni kaɗai kamar wanda aka taka.

Abin da ya faru sananne ne a wurin masu sana'armu. Bidiyo hotuna ne a jere da ke wucewa da sauri, kamar talatin a cikin sakan ɗaya. Kyamarar aiki tana riƙe adadinta ba ta canzawa. Waya kuwa 'yar ganin dama ce: in ta yi zafi a rana ko haske ya sauya, sai ta rage ko ta ƙara, ita dai ta san lissafinta. Mai shagon da ya rage girman bai kula ba, manhajarsa ta jera hotunan a kan ma'auni ɗaya da ya ɗan gaza na wayar. Sai hoto ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan, sauti kuwa yana tafiyarsa daidai. A bidiyon biki ba wanda zai damu don bakin ango ya ɗan makara. A gayya kuwa, wannan makarar ba ta da maraba da gajiyar tsoho.

Na kira ɗan Baffa na ce, "Na ainihin yana nan?" Ya ce yana cikin memori, saura ƙiris ya goge don wuri ya cika masa. Na ce in ya goge kada ya ƙara gaishe ni. Ranar kasuwa ya aiko da shi.

Na ainihin tangaran yake, har zufar goshin Baffa ana gani, amma nauyinsa ya fi ƙarfin kwamfutata. Tana buɗe shi tana tsalle-tsalle, ba yadda za ka gane daidai da ba daidai ba. Dole na yi masa kwafi mara nauyi na yi aiki da shi. Na fara mayar da hotunan kan adadi tsayayye, kowane hoto a lokacinsa na gaskiya. Sannan na shimfiɗa sautin a ƙasa. Kowane bugun ganga yana fitowa a allo da tsini kamar haƙorin zarto. Na nemi inda gula ta taɓa fata a farko, da inda ta taɓa a ƙarshe, na duba kowanne ya hau kan tsininsa. Wuta ta ɗauke a tsakiya, na jira ta dawo, na ci gaba. Ban ƙara wa Baffa sauri ko na ƙwayar zarra ba. Abin da wayar ta gani ranar shi na mayar wurinsa.

Washegari bayan la'asar na ɗauko kwamfutar na kawo gida. Baffa na zaune a tabarma. Na ce, "Baffa, ina son ka kalli wani abu."

Yana ganin gonar ya kau da kai. "Na ga wanga abu, ɗana. Mi za ni gani kuma?"

Na ce, "Wancan da ka gani hoton ne ya makara, ba kai ba. Dubi hannun makaɗi."

Na nuna masa tsohon, inda ganga ta yi ƙara gula tana sama. Ya matso. Na nuna masa guɗar matar. Ya ce, "Ikon Allah." Sannan na sa sabon. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya a bayanmu.

Ganga ta buga, galma ta sauka. Ta buga, ta sauka. Har tsakiya, har inda a da yake makara, babu ko tazara. Na lura yatsansa na buga gwiwarsa tare da kiɗan. Can ya ce a hankali, "Ni dai na san ban ji gajiya ba ran nan. Amma da munka gani a hoto, sai na ce ƙila jikina ne ya ɓoye mini."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Akwai wuri ɗaya da tun a shago yake damuna. Saura kaɗan ya kai bakin kunya, galmar ta ci karo da wani abu, ko saiwa ko dutse, ya rasa bugu ɗaya kafin ya sake kamawa. Wannan ba laifin waya ba ne. Da muka iso wurin na tsayar na ce, "Baffa, nan zan iya yanke shi kafin in tura wa mutanen majalisa. Ba wanda zai sani."

Ya ce in maido shi baya. Ya kalla. Ya ce in sake.

"Saiwar tsamiyar nan ta kan iyaka ce," in ji shi. "Na tuna ta. A'a, bar shi. Waɗancan na waya ne, ka cire su ka kyauta. Wanga nawa ne."

Ya ƙura wa hoton da ke tsaye ido, shi da galmarsa da tsamiyar da ba mu san ranar da zai sake ganinta ba. Sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Filin nan na fadama da maƙwabcinku ya yi magana, an ba wani ne?"