Kunyar Ɗan Fari a Old Kent Road

Mutane suna mamaki idan suka ji ina Sifaniyanci. Su ga Bahaushiya da hijabi har gwiwa, a wani kanti a Old Kent Road, tana cinikin rogo da masara da 'yan Kolombiya cikin yarensu, har tana yi musu tsiya a kan tsada. Sai su tambaye ni wace makaranta na yi. Ban yi wata makaranta ba. A kicin ɗin maƙwabciyata na koya, kuma ba don sha'awar yaren ba. Na koya ne don in samu bakin yi wa ɗana magana.

Ina amarya na zo Landan. Mijina ɗan jarida ne a wani gidan rediyo mai sashen Hausa. Yakan wuni yana yi wa duniya Hausa, idan ya dawo gida kuwa bakin ya gama aiki, sai ya ci tuwo ya miƙe ƙafa. Muna haya a wani dogon bene da ke bayan babban titin, inda motocin bas ba sa hutawa. A nan na haifi ɗana na fari.

A gidanmu a Kano, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunan babban yayanmu ba, ban taɓa ganin ta yi masa wasa ba. Idan zancensa ya kama, sai ta ce "yaron nan", tana kallon wani wuri. Amma bai taɓa tunanin ba a son sa ba. Kaka ce ta goya shi, gwaggonni suka yi masa tawai, suka cika masa kunne da kirari. Idan Inna ta zuba masa tuwo, takan tura tsokar nama can ƙasan kwano inda ba mai gani, in ya tono ta sai Kaka ta ce, "Ka ga aikin uwarka ko? Ba ta magana, amma ga shi nan." Gidan gaba ɗaya shi ne yake fassara masa shirun uwarsa.

Ni kuwa na haihu a benen da ko sunan na kusa da ƙofata ban sani ba. Mun nema wa Inna biza ta zo ta yi mini wankan jego, ba a ba ta ba. A waya ta yi mini nasihar.

"Ki kama kanki," in ji ta. "Kar in ji an ce kina rawar kai a kan ɗan fari kamar wadda ba ta da mafaɗi."

Ko ba ta faɗa ba, harshena ba zai iya ba. Ina ba shi nono, ina yi masa wanka, ina duba numfashinsa in yana barci, amma duk a shiru. Idan na buɗe baki zan yi masa wasa da Hausa, sai in ji kamar duk matan gidanmu sun zuba mini ido.

Da ya fara zama, na samu aiki a gidan kula da tsofaffi, sai ya zama dole in samu mai riƙe shi. A lif ɗin hawa benenmu na haɗu da ita, wata dattijuwa 'yar Kolombiya, gajera mai ƙiba, da ke ƙofa ta biyu daga tamu. Da asuba take zuwa sharar ofisoshi, da rana tana gida. Turancinta bai fi na gaisuwa ba. Ba ta ma tsaya gaishe ni ba, ta sa hannu ta karɓe yaron daga kafaɗata, ta sumbace shi a kumatu biyu, ta shiga zuba masa magana kamar an kunna rediyo. Na ce a raina wannan mata ba ta da kunya ko kaɗan. Bayan mako guda, a hannunta nake barin sa.

Ya tashi yana kiran ta abuela, wato kaka. Wata ranar hutu yana ta kuka yana maimaita wata kalma, agua, agua. Na ba shi ayaba ya jefar, na ba shi abin wasa ya ture, na goya shi na sauke. Da abin ya ishe ni na ɗauke shi na buga mata ƙofa. Ta saurara, ta tuntsire da dariya, ta ɗebo ruwa a kofi ta ba shi. Ya shanye tas. Na tsaya a ƙofarta ina jin wani baƙin ciki da ban taɓa ji ba: ɗana yana jin ƙishirwa a gabana, sai da na nemo tafinta.

Daga ranar na tare a kicin ɗinta. In na tashi daga aiki ba na ɗaukar yaro in wuce, sai in zauna. Tana murza ƙullun masara tana gasa wata aba mai kama da waina, tana nuna mini kaya tana faɗin sunansu, ina maimaitawa, tana dariya har da hawaye. Ni ma ban raga mata ba, na ce abincinta babu yaji, na marasa lafiya ne. Talabijin ɗinta kullum a kunne yake, mata masu kuka da maza maƙaryata, a can na tsinci rabin abin da na sani. Sauran rabin a shagunan mutanensu na samo, inda take tura ni sayayya, ta hana su yi mini Turanci. Na iya ciniki kafin na iya gaisuwa, na iya faɗa kafin na iya ban haƙuri.

Da harshena ya ɗan sake, sai ta yi mini tambayar da na lura ta daɗe tana cin ta. Ta ce wai yaron nan nawa ne kuwa? Me ya sa ba na sumbatar sa, me ya sa ba ta taɓa jin na kira sunansa ba? Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na yi naƙudarsa ni kaɗai, ita ce za ta tambaye ni ko nawa ne? Na so in bayyana mata kunya, in ce girmamawa ce ga iyayena da na mijina, amma kalmomin da nake da su na rogo ne da sabulu. Na ce mata haka ake yi a garinmu. Ta girgiza kai ta ce garinmu yana da nisa.

Wata rana da la'asar ina yi masa wanka, ya watsa mini ruwa yana ƙyalƙyala dariya, sai kawai na ji bakina ya faɗi abin da take faɗa masa: mi niño, mi vida. Yarona, rayuwata. Na tsaya ina jiran kunyar ta rufe ni, ba ta zo ba. Matan gidanmu da suke zuba mini ido ba sa jin Sifaniyanci. Na sake faɗa, ya kama fuskata da jiƙaƙƙun hannuwansa. Kamar zanen aro ne, na san ba nawa ba ne, amma ya rufa mini asiri.

Shekarun nan su ne masu daɗi, kuma ba su da yawa. Duk abin da ba zan iya ce masa da Hausa ba, ina ce masa da yaren maƙwabciya, a gurguje, a karkace. Sunansa dai ban kama ba ko a nan. Mijina ya taɓa jin mu.

"Ke kuma wane yare ne wannan?"

"Na maƙwabta ne."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya koma kan wayarsa.

Idan matan abokan aikinsa suka zo daga unguwar Plumstead, sai in koma "yaron nan", in ɗaure fuska. Suna yaba mini, wai ban bar Turai ta lalata ni ba.

Sai aka ce za a rushe benenmu. Aka watsa mu, kowa ya kama gabansa. Maƙwabciyata ta ce ta gaji da sanyi da shara, ta koma Kolombiya wurin 'yarta. Mu kuma muka koma Plumstead. Da farko tana aiko da saƙon murya, yaron yana saurare yana ba ta amsa. A hankali amsar ta gajarce, Turancin makaranta ya cinye komai. Wata rana a ƙofar makarantarsu na ce masa mi niño a gaban abokansa, ya janye hannunsa.

"Mum, stop. You're not even Spanish."

Wai in bari, yaren ma ba nawa ba ne. Na daina. Ba a daɗe ba saƙonnin maƙwabciyata ma suka tsaya, 'yarta ta sanar da ni ta rasu.

Na haifi ƙannensa mata biyu. Su ba 'yan fari ba ne, babu kunya tsakaninmu. Ina kiran sunayensu tun safe har dare, ina yi musu kitso suna kwance a cinyata, ina yi musu kirari da Hausa. Shi kuwa yana zaune a gefe yana gani. Babu kaka a gidan da za ta ce masa ka ga aikin uwarka. Kada wani ya ce mini al'adar ce ba ta da kyau, na ga yadda ta raini yayana ya zama mutum. Rabinta kawai na iya ɗaukowa a jirgi, ɗaya rabin yana can gidanmu, kuma su Kaka duk sun rasu.

Bara ya gama jami'a, ya samu aiki a can arewacin ƙasar nan, nesa da Landan. Na wuni ina yi masa dambun nama, na ɗaure a leda, na tura can ƙasan jakarsa ƙarƙashin riguna ba tare da na faɗa masa ba. Babansa yana wurin aiki, ni na raka shi bakin titi. Muna tsaye muna jiran bas, sai ya juyo. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, da shi kuma ya yi mini maganar. Ya ce tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ya ce na ƙannensa kuwa ba ya barin bakina.

"Just once, Mum."

Sau ɗaya kawai yake roƙo in kira shi. Wallahi na buɗe baki. Sunan yana nan, ni na zaɓa masa shi a raina tun yana ciki, amma ya ƙi fita. Abin da ya fito shi ne mi niño, mi vida.

Ya yi ɗan murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya tuna wannan, haka abuela take ce masa. Ya ce ita kaɗai ce ta taɓa yi masa irin wannan maganar.

"Ni ma na faɗa maka," na ce. "A wurin wanka. Kullum."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da muke yi wa tsofaffin wurin aikina idan suka rikita labari. Bas ta zo, ya ɗauki jakarsa ya shiga.

Har yanzu nakan hau mota in je Old Kent Road, in sayi rogon da ba na buƙata, don kawai in yi yaren da wani. Masu shagon suna cewa na iya sosai. A gidana babu mai jin sa.

Bayan kwana biyu da tafiyarsa ya bugo waya. Ya ce ya isa lafiya, ɗakin ba laifi. Sannan ya ce ya ga wata ledar nama a ƙasan jakarsa, ko saƙo ne, wa zai kai wa?